Ranar da Mutari Ya Tuɓe wa Editarsa Kwalliya

"Ina gajiya, bawan gidanmu? Ko kallon gilashi ba ya gajiyar da mutum?"

"Ba gajiya, 'yar kawu. Ina mutanen ƙauye? Kun daina gudu in kun ga mota?"

"Bande ce ƙauye? Kai da aka haifa a bayan rumbu."

Ƙande ce tsaye a bakin shagon Mutari da yammacin wata Juma'a cikin kaka. Saukarta ke nan daga kabu-kabu, ko mayafinta ba ta gama gyarawa ba. Shagon ɗan ƙarami ne na kwano kusa da tashar Magariya, inda Mutari yake yi wa mutane sharjin waya da hasken rana. Su biyun taubasai ne. Alhaji Ousmane, baban Ƙande, shi ne wan Tani, uwar Mutari. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu zagi ba, kuma da yake ita 'yar namiji ce shi ɗan mace, ta ɗauka Allah ne ya ba ta shi bawa.

Bana suka shiga formasiyo ɗaya, ta koyon rubuta porogaram ɗin ordinatar, wato kwamfuta, wadda wani malami, Mushe Nassirou, yake bayarwa duk Asabar a nan Magariya. Ƙande malamar lakwal ce a Bande, da ordinatar direktansu take aiki idan ya tashi daga biro, wato ofis. Mutari kuwa yana da tasa. Alhaji Ousmane ne ya sayo ta a Kano, ya tsallake 'yarsa ta cikinsa, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa. Wannan magana ta tsaya wa Ƙande a wuya, ta ƙi wucewa.

Gobe ne Mushe zai duba aikin da ya ba su: ɗan porogaram da zai tambayi mutum sunansa, ya dubi lokaci, ya gaishe shi da gaisuwar da ta dace. Waɗanda nasu ya yi aiki za a tura su Damagaram su ci gaba. Sauran su jira baɗi.

"Me kake karewa da kafaɗa? Juyo da kayan ubana in gani."

"Kayan kawuna dai. Je ki wanke hannu tukuna, alli ya cinye miki yatsu."

Da baki ya hana, amma tuni hannunsa ya juyo da ekaran, fuskar ordinatar, wajenta, don dama neman wanda zai nuna wa yake yi. Editar, wato manhajar da suke rubuta porogaram a cikinta, iri ɗaya Mushe ya sa musu duka, fara fat kamar takarda. Ta Mutari ta daina kama da ta kowa. Bayanta baƙi ƙirin, kalmomin kuma wasu kore, wasu ruwan ɗorawa, wasu ja kamar gauta. A sama an jera taurari sun rubuta INJINIYA MUTARI. A can ƙasa wani ɗan raƙumi yana kai da komo.

Abin ya yi kyau. Kyan nan ne ya ƙara ba Ƙande haushi.

"Wannan editar ce ko kantin atamfa?"

"Hassada za ta kashe ki. Jiya wani jandarma ya zo karɓar wayarsa, ya tsaya yana kallo ya kasa tafiya. Har tambayata ya yi ko da bankunan Turai nake magana."

"Ka ce mishi da raƙumi kake magana."

"Raƙumin yana da aiki. In na daɗe ban taɓa komai ba sai ya durƙusa."

"To ai kullum a durƙushe yake ke nan."

"Ba ki ga komai ba. Har polis na canza."

"Wane polis? Kama ka suka yi?"

"Ji baƙauyiya. Salon baƙaƙen rubutu ake ce wa polis. Da wane Faransancin kike koyar da 'ya'yan mutane?"

"Na sani sarai. Fata nake su zo su tafi da kai, in ɗauki ordinatar in yi gaba."

Ta jawo benci ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Ta matso da fuska kusa da ekaran. Baƙaƙen sirara ne, masu lanƙwasa, kamar aikin zare a wuyan riga.

"Rubuta sunana da polis ɗin naka."

Ya rubuta. Maimakon harafin farko sai wani ɗan akwati ya fito, sauran baƙaƙen suka biyo bayansa.

"Ina ƙa ɗina?"

"Ga shi nan cikin akwati."

"Polis ɗinka bai san Hausa ba."

"Ya sani. Ke ce ya gane, ya kulle ki. Ai aikinsa yake yi."

"In Mushe ya rubuta Ɗela ko Sadiƙu gobe fa? Duk 'yan ajinmu za ka zuba a akwati?"

"Su canza suna. Ni na ce a raɗa musu suna mai ƙugiya?"

Wata mata ta leƙo ta karɓi wayarta ta tafi. Ƙande ta jira har ta yi nisa.

"To na ga ɗaki, na ga labule, na ga jere. Ina amaryar? Ina porogaram ɗin?"

"Yana nan tafe. Sai na gama gyara wurin aiki."

"Tun shuka kake gyaran wurin aiki. An yi noma, an maimaita, ga gero a rumbu."

"Manyan masu wannan sana'a haka suke yi. Ki duba bidiyo ki gani. Babu mai aiki da farar editar sai ɗan koyo."

"Kai kuma fa?"

"Ni na wuce nan a zuciyata."

"Kunna mini abin da zuciyar taka ta rubuta."

Ya yi ɗan jan jiki, sannan ya kunna. Porogaram ɗin ya tambayi suna, ya rubuta nasa. Amsa ta fito da kore mai sheƙi: Ina kwana, Mutari.

Ƙande ta leƙa waje ta dubi rana, wadda ta riga ta sauka bayan motocin tasha, ta dawo da kallonta kansa.

"La'asar sakaliya yake ce maka ina kwana."

"Ladabi ne. Bai gan ni da safe ba."

"Gadonka ya yi. Gwaggo Tani ta ce kai ma sai an kira azahar kake neman ruwan wanke ido."

"Ki yi ta yi. Ke da Mushe yake kiran sunanki kamar shi ya yanka miki rago. Ku dubi aikin Ƙande. Ku tambayi Ƙande. Ran nan har na ƙirga, sai na gaji na bari. Mu kuma kamar benci muke a ajin."

"Benci yana da amfani, ana zama a kansa."

"Wai me ya kawo ki ma? Gobe ne aji. Ko tuwon Bande ne ya ƙare kika zo cin na uwata?"

"Na zo duba lafiyar kayan ubana."

Mutari ya dube ta da kyau. Sai yanzu ya lura ba ta rataye da baƙar jakar da take zuwa da ita. Hannunta na hagu kuma a dunƙule yake tun shigowarta.

"Ina ordinatar direkta?"

"Ta tafi unguwa."

"Ita kaɗai?"

"An kira direkta taro a Damagaram, ya tafi da ita. Sai mako mai zuwa."

"Buɗe hannun."

Ta buɗe. Ɗan kile ne, irin na sokawa a ordinatar, wanda take ajiye aikinta a ciki, ta ɗaura masa jan zare don kada ya ɓace.

Mutari ya jingina da bango, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Daɗi ya cika shi har kunne.

"Allah mai iko. Uwargijiya ta zo roƙo wurin bawa."

"Ba roƙo ba ne. Kaɗan ya rage mini, gaisuwar yamma kawai. Tashi ka ba ni wuri."

"Ce Injiniya Mutari, don Allah ka taimake ni."

"Injin niƙa ma ya fi ka aiki. Shi ko banza ana ganin gari."

"To koma Bande ki rubuta da alli a allo, ki ɗauko allon a kai ki kawo wa Mushe."

"Zan je in gaya wa Gwaggo yanzun nan."

"Ki gaya wa gwamna."

Ya faɗa, amma ya tashi. Ya san uwarsa. In Ƙande ta kai ƙara, ba a ma tambayarsa nasa bayanin.

Ta zauna a kujerarsa, ta soka kilen, ta buɗe aikinta. Layukan da ta saba gani baƙi a kan fari suka fito da launi, kowace kalma da nata, a jere tsaf kamar an yi musu ƙunshi. Aikinta ne, amma ba ta taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Ta tuna yadda idanunta suke yin ruwa a biron direkta, gaban farin ekaran ɗin nan mai tsage a gefe.

"Ya burge ki ko?"

"Ciwon kai yake sa ni."

Ta kai yatsu ta fara rubutu da sauri, idonta a kan maɓallai kamar yadda ta saba. Da ta ɗaga kai, ko harafi ɗaya bai fito ba. Abin da ta gani shi ne layukanta sun ragu. Rabin aikin, daga tsakiya har ƙasa, babu shi.

Ta danna maɓallan da Mushe ya koya musu na maido abin da aka goge. Ekaran ya tashi daga baƙi ya koma shuɗi. Ta sake dannawa. Ya koma ruwan hoda. A ƙasa ɗan raƙumin ya miƙe yana sassarfa.

Ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya.

"Mutari."

Bai tuna ranar da ta kira shi da sunansa tsura ba.

"Ina aikina?"

"Yana nan. Ba ya zuwa ko'ina. Wani tsari ne na sa, in ba ki danna wani harafi da farko ba, baƙaƙen ba rubutu suke yi ba, umarni suke bayarwa. Manyan ba sa taɓa suri, linzamin nan na hannu, da baƙaƙe suke komai."

"Wane umarni na bayar?"

"Da alama na gogewa."

"Maido shi."

"Maɓallan maidowar ne na mayar na canza launi. Na ga na fi yawan bukatar wannan."

"To da me kake maidowa?"

"Akwai wani harafi."

"Wanne?"

Ya sosa ƙeya. "Mutumin bidiyon ya ce zai faɗa a gaba. Megana na intanet ne ya ƙare kafin ya kai wurin."

Ya sunkuya ya gwada wani harafi. Layi ɗaya ya ƙara tafiya. Ƙande ta buge masa hannu.

"Bari. Zan rufe ba tare da na ajiye ba, na cikin kilen yana nan yadda yake."

Mutari ya kau da kai. Ta juyo ta dube shi.

"Na sa ta tana ajiyewa da kanta," ya ce a hankali. "Duk abin da aka taɓa, nan take."

Ta rufe, ta sake buɗe fishiyen, wato takardar aikinta, daga kilen. Rabin nan dai shi ne. Wanda yake cikin ordinatar direkta tsoho ne, kuma yana Damagaram. Aikin da ta yi ta zama a kansa bayan an tashi yara, wani lokaci har mai gadi ya zo yana kaɗa mabuɗai, shi ne ya tafi a cikin ƙiftawar ido.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zare kilen ta riƙe.

"Shi ke nan. Baba ya iya zaɓe. Ni na ce mishi ina son koyon abin nan, ni na nemo formasiyon, ni na rubuta sunanka don Gwaggo ta roƙe ni. Da ya tashi sayen ordinatar sai ya ba ka, ka zauna kana kiwon raƙumi a ciki."

"Ƙande."

"Ranar da ya dawo daga Kano ina gidan. Na ga kwalin, na ɗauka nawa ne. Har na miƙe. Ni turmin atamfa ya ba ni."

Mutari ya tsuguna a gefen kujerar. Wannan karon babu dariya a fuskarsa.

"Kin san abin da ya ce da zai ba ni? A zaure, gaban abokansa. Ya ce Ƙande ko a bayan faranti aka ce ta rubuta za ta iya, ba ta bukatar komai. Wannan kuwa in ba a ɗaure shi da wani abu ba, tasha za ta cinye shi. Suka yi dariya, ni ma na yi. Na karɓa na yi godiya."

"Ƙarya kake."

"Tambayi uwata. Duk ranar da ya biyo ta nan, ba ya cewa me ka rubuta. Cewa yake, Ƙande ta ce kaza, Mushe ya ce Ƙande kaza. Ni kwali ya ba ni. Ke kuma da bakinsa yake yawo da ke gari."

"To mu yi musaya. Ka ɗauki bakin, ka ba ni kwalin."

"Da ana yi da tuni na yi."

A tasha wani kwandasta yana kiran masu zuwa Dungas.

"In na buɗe farar editar nan," ya ce, "sai in ga ban san ta inda zan fara ba. In na canza launi kuwa, nan take nake ganin na yi wani abu."

"Ka yi kuwa. Ka cinye mini Damagaram."

Ya miƙe zumbur. "Tsaya. Ranar da kika makara saboda ruwan sama, Mushe ya nuna mana wani wuri. Editar tana riƙe tarihin fishiye. Duk lokacin da aka ajiye, tana ɓoye na dā. A meni yake, jerin umarnin nan na sama."

Ƙande ta dubi saman ekaran. Taurari ne kawai da sunan injiniya.

"Ina menin?"

"Na ɓoye shi. Yana ɓata kyan wurin."

"Fito da shi."

Ya karɓi ordinatar ya buɗe fishiyen gyara, inda mutum yake rubuta yadda yake son editarsa ta kasance. Ƙande ta zaci 'yan layuka za ta gani. Ya yi ta gangarawa, ya yi ta gangarawa, abin ya ƙi ƙarewa. Duk Ingilishi ne, an kwaso daga wurare barkatai an liƙa.

"Wane layin ne ya ɓoye shi?"

"Ɗaya daga cikinsu."

"Kai ka rubuta?"

"Ni na kwafo."

"Ka san abin da suke cewa?"

"Na san na launi."

Ya gwada cire wani layi. Taurarin suka karkace, meni bai fito ba. Ya gwada wani. Rubutun ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Rana tana ƙara sauka, kuma Ƙande ba ta kai magariba a waje in ta zo gari, gidan Gwaggo take shiga. Ya dube ta, ya dubi kilen da ta matse a hannu. Sai ya zaɓi fishiyen gaba ɗaya daga sama har ƙasa, ya share.

Bai tsaya nan ba. Ya shiga cire ƙare-ƙaren da ya yi ta ɗora wa editar, ɗaya bayan ɗaya. Na baƙaƙe masu ba da umarni ya fara tafiya. Taurari suka bi. Agogo, da wani abin da yake walƙiya in an danna harafi, da wasu da shi kansa ya manta amfaninsu.

"Raƙumin ma?" in ji Ƙande.

"Shi ma. Ban san wanda yake da hannu a ciki ba."

Ya rufe editar ya sake buɗewa. Ta buɗe nan da nan, ba irin jan ƙafar da ta saba yi ba. Fara fat, da meninta a sama, kamar ranar da Mushe ya sa ta.

Ƙande ta dubi farin ekaran, ta dubi Mutari.

"Da ka kwafe fishiyen a kilena kafin ka share."

Ya juyo a hankali. "Ana iyawa?"

"Fishiye ne kamar kowane fishiye."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Yanzu ya zo mini. Kuma kai ne injiniya."

Ya zauna a benci ya riƙe kai da hannu biyu. Ita kuma ta mayar da kilen, ta bi meni yadda ya kwatanta mata har ta sami tarihin. Ga fishiyenta nan, an ajiye shi sau da yawa a jere cikin ɗan lokacin nan. Ta zaɓi na can farko, ta buɗe. Aikinta ya dawo cif, har layin da ta tsaya a Bande.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta gyara murya da sauri. "Allah ya cece ka, bawa. Da yau sai an kai ka kasuwar Guci an sayar."

"Wa zai saye ni? Ko raƙumi ba ni da shi."

Kafin ta rufe tarihin, idonta ya faɗa kan wani suna a ƙasan nata. Fishiyen gyaran Mutari ne. Shi ma editar ta ɓoye nasa na dā, tun daga shuka. Ta saci kallonsa, yana nan riƙe da kai. Ta rufe wurin, ta bar shi a haka.

Ba ta daɗe ba ta gama abin da ya rage mata. Ta kunna, ta rubuta sunanta. Barka da yamma, Ƙande. Ƙa ɗinta ya fito da ƙugiyarsa.

"Ka ga porogaram mai tarbiyya. Taso, saura naka."

"Bari kawai. Ki je Damagaram, ki gaishe su."

"In tafi in bar ka, wa zai riƙe mini jaka a can? Taso."

"To rubuta mini. Ai na yi miki hasarar dukiyata."

"Ba zan taɓa ba. Mushe ya san rubutuna, kai ma ka san ya sani. Zauna ka karanta mini naka da ƙarfi, layi layi, yadda nake sa 'yan ajina."

"Ni ba ɗan ajinki ba ne."

"Su sun iya gaisuwa."

Ya zauna yana ƙunƙuni. Porogaram ɗin nasa gajere ne, babu launi babu walƙiya, sai ya ga kamar bai taɓa karanta shi ba. Ya fara. Layin tambayar suna. Layin ajiye sunan. Da ya zo na gaba sai ya tsaya.

"Ci gaba."

"Lokaci daidai yake da bakwai."

"Wa ya gaya mishi bakwai?"

"Ni. Don gwaji na sa, ranar farko. Na ce zan dawo in sa ya tambayi agogon ordinatar."

"Sai me ya faru?"

"Sai na ga bakwai ɗin ba ta yi kyau da shuɗi ba."

Ƙande ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna girgiza. Ya bar ta ta yi dariyarta. Ya goge bakwai ɗin, ya yi ta laluben yadda ake tambayar agogo. Ya kuskure, editar ta ja masa jan layi, ya gyara, ya sake kuskurewa. Sau biyu ya juyo yana neman ta faɗa masa, ta kau da kai tana kallon titi. A ƙarshe ya kunna. Ina wuni, Mutari.

Ya daɗe yana kallon kalmomin nan uku.

"Saura na yamma da na dare," in ji ta. "Kada ka fara jin kanka."

"Na ga hanyar. Irin wannan ne, lamba kawai zan canza."

"Ji shi. Ɗazu ko rana bai sani ba."

Wani mai amalanke ya biyo ta gaban shagon da lodin rake. Mutari ya fita ya tsayar da shi, ya daɗe yana zaɓe, ya dawo da sanda guda mai kauri. Ya karya ta biyu a gwiwa. Ƙande ta miƙa hannu wajen kan, don duk rayuwarsu shi yake ba ta, salam ɗin, ya riƙe mai zaƙin. Sai ya juya ya miƙo mata gindin.

"Lafiyarka kuwa?"

"Karɓi kafin hankalina ya dawo."

Ta karɓa, ta ɓare da haƙori, ta tauna, ta zubar da tuka a kwali. Sai da ta sha gaɓa guda sannan ta yi magana.

"Kwalliyarka tana nan."

"Wace kwalliya?"

"Fishiyen da ka share. Na gan shi a cikin tarihin, ƙasan nawa. Ko layi ɗaya bai ɓace ba."

Ya yi wuf zai kai hannu, ta riga shi. Ta rufe ordinatar ta ɗora gwiwar hannu a kai.

"Sai gobe, bayan Mushe ya duba. Yau farar za ka yi aiki da ita, kuma ina zaune kusa da kai a gidan Gwaggo har ka gama."

"Tun ɗazu kika gani kika bar ni ina makoki?"

"Makokin ya yi maka kyau. Har porogaram ka rubuta."

"Ordinatar tawa ce fa."

"Ta ubana ce, yau kuma ni ce wakiliyarsa." Ta sake gatsar raken, ta yi maganar ba tare da ta dube shi ba. "In an maido, ka ware layukan launin nan daban. Baƙin da koren. In direkta ya dawo za ka zo Bande ka sa mini."

Mutari ya tsaya da kan rake a hannu. Murmushi ya fara daga gefen bakinsa, ya bazu.

"Ashe ta yi miki kyau."

"Muni gare ta kamar mai ita. Sa mini dai."

Ya fashe da dariya har sai da ya dafa ƙofa. Da ya samu numfashi, ya ɗora ɗaya rabin raken a kan cinyarta.

"Haɗa duka, uwargijiya. Yau kam kin ci."